Zare Biyu Masu Jin Kunyar Juna

Mu mutanen Adar ba a koya mana tafiya, da ita muke tashi. Da an gama girbi a Tama samari suke watsewa bida, wato ci-rani, wani Abijan, wani Libiya, wani Kamaru, su dawo da tabarau da labarin da rabinsa ƙarya ne. Ni ma bidar na tafi, sai dai tawa ba ta da teburin shayi ba ta da baro. Karatun ordinatar, wato kwamfuta, shi ne ya fitar da ni. Har yau in tsofaffin garinmu suka tambaye ni abin da na je yi, sai in ce musu gyaran inji, don a zauna lafiya.

Zangona na farko Fas ne, a ƙasar Maroko, inda na yi shekara uku. Sanyin garin ya wahalar da ni, harshensu ma ya wahalar da ni, don Larabcin da na iya na allo ne, in na yi shi a kasuwa dariya suke yi. Akwai wata tsohuwa mai sayar da burodi a bakin layinmu. Ba ta taɓa iya faɗin sunana Isuhu ba, amma kullum sai ta zaɓo mini mai zafi daga ƙasan kwando. Ban san ko tana raye ba yanzu, ina dai sa ta a addu'a.

A can ne na fara jin labarin zare. Ba zaren ɗinki ba. Shi porogaram, wato jerin umarnin da ake rubuta wa ordinatar, yana iya raba aikinsa ga ma'aikata da yawa su yi a lokaci guda, kowane yana bin nasa layin umarni. Wannan layin ne masana suke kira da wata kalma mai nufin zare, ni ma zare nake ce masa. A harshen da muke rubutu da shi, Java, kowane abu ana gina shi kamar gida ne, ga kayansa a ciki, ga ƙofofin da ake bi a taɓa kayan. Rigima tana tashi in zare biyu suka faɗa gida ɗaya tare, wannan yana gyara abu wancan yana ɗauke shi. Malaminmu ya yi awa biyu yana zane a allo, ni kuwa yayyena mata nake gani su biyu a kan turmi ɗaya, taɓarya na sauka wata na tashi. In ɗaya ta kuskure lokaci, taɓare su haɗu, hatsi ya zube. Maganin da aka samo shi ne sakata. Zare in zai shiga gida sai ya ja sakata, wanda ya zo bayansa ya jira a waje har ya fito. Da jin sa kamar wasan yara, amma shi ya kusa mayar da ni gida hannu rabbana.

Da na gama a Fas, aka ɗauke ni karatun gaba a Faransa. Zangona na biyu bai kai wuni ɗaya ba, tashar jirgin ƙasa ce a Pari. Ina tsaye a gindin matakala da jaka biyu, sai ga wani baƙin mutum mai fara'a, ya ce ɗan'uwa kawo in kama maka. Raina bai kwanta da shi ba. Amma yaya zan yi in ce wa mutumin da ya girme ni a'a, alhali alheri ya zo yi? Na miƙa masa babbar jakar. Kafin in kai saman matakala ya ɓace cikin mutane. Na zauna a kan ƙaramar jakar cike da takaici. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne tunanin fuskarsa in ya buɗe. Ordinatar tawa da takarduna suna cikin ƙaramar. Babbar, gabu ne da kuka da yaji da busasshiyar kuɓewa, waɗanda innata ta aiko mini da su Fas ta hannun wani ɗalibi. Allah ya sa ya iya miya.

Zango na uku shi ne Ren, garin da ruwan sama ba ya sallama ba ya ban kwana. Watannin farko na yi su cikin kewa mai tsanani. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni, kawai dai ba wanda ya tambaye ni ina gajiya. In abokan karatu suka buɗe abinci suka ce in ci, sai in ce na ƙoshi, ina jiran su sake cewa. Ba sa sakewa. Na sha kallon abinci yana ƙarewa cikina yana kuka, ina jin haushinsu a kan laifin da ba su san sun yi ba.

Wata rana a cikin bas na ji murya daga baya tana faɗa a talho, wato waya: "Ku kwashe albasag ga, na ce, ruwa na tahe!" Na waiwaya da sauri har wuyana ya amsa. Wani dattijo ne siriri da hular sanyi. Da ya kashe talho na matsa kusa na ce, "Baba, ina wuni?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan wane gari na?"

"Tama."

"Tama ta Buza? Kai, Allah mai iko! Ni ɗan Keita na. Mi kake bida nan cikin ruwan ga, kai da ko rigar kirki ba ka da?"

Sunansa Alasan, ni Kawu nake ce masa. Ya daɗe a garin yana aikin share ofisoshi. Daga ranar, duk Lahadi a gidansa nake cin abincin rana, tuwon simul da miyar kuɓewa, a hawa na shida na wani dogon bene.

A shekara ta biyu dole kowane ɗalibi ya yi sitaj, wato koyon aiki, na wata shida a wani kamfani. In ya gama, shugabansa na wurin aiki ya sa hannu a takardar shaida, sannan jami'a ta yarda ya tsaya gaban malamai ya kare aikinsa, abin da ake kira sutanans. In babu sa hannun, babu sutanans, babu digiri. Takardar zamana a ƙasar kuma ƙarshen Satumba za ta ƙare, ba za a sabunta ta don in maimaita ba. Shekara biyar a waje, duk sun rataya a kan sa hannun mutum ɗaya.

Na samu wuri a wani ƙaramin kamfani da ke ƙera injin auna jini na asibitoci. Shugabata ita ce Madam Korin, mace mai gajeren gashi da gajeriyar magana. A teburin da ke kusa da nawa akwai Tibo, injiniya ne da ya riga ni da shekara biyu, mai son wasa da son kofi. Su duka Isuf suke ce mini.

Ranar farko Madam ta kai ni gaban injin. Yana da hannu na ƙarfe mai ɗaukar kwalaben jini, da faranti mai juyawa inda ake jera su. A cikin porogaram, shi hannun, gida guda ne mai sakatarsa, farantin ma haka. Zaren da ke shigo da kwalba yana fara kama hannu sannan ya nemi faranti. Zaren da ke fitar da kwalba yana fara kama faranti sannan ya nemi hannu. Wani lokaci sai su yi kiciɓis, wannan ya riƙe hannu yana jiran faranti, wancan ya riƙe faranti yana jiran hannu, kowa ya ƙi saki. Inji ya tsaya cik, ƙararrawa ta kama kuka, sai ma'aikacin asibiti ya zo ya kashe ya kunna.

Ta ce, "Aikinka biyu ne. Ka gina sabuwar sakata da za ta hana wannan. Sannan ka tabbatar mini ba za ta yi kuskure ba. Ban ce ka gwada ba, na ce ka tabbatar."

Bambancin gwaji da tabbatarwa shi ne ginshiƙin aikin. Gwaji shi ne ka kunna porogaram sau dubu ka ga bai faɗi ba, amma zare ba sa bin tsari ɗaya sau biyu, na dubu da ɗaya na iya zama shi ne mugun. Don tabbatarwa akwai wani lojisiyel, wato manhaja, na musamman. Kana ba shi siffar sakatarka, ka yi masa tambaya, shi kuma ya bi duk wata hanya da zare za su iya jeruwa, ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsallake ko guda. In akwai hanyar da za ta ɓaci, sai ya nuna maka ita taki-taki. Ni Alƙali na sa masa suna, har Tibo ya ɗauka.

Na yi makonni ina tunani, sai dabara ta zo mini, kuma na ji daɗin ta ƙwarai. Na ce ai rashin kara ne ke damun zaren nan. Kowa ya riƙe nasa ya ƙi saki, wace irin tarbiyya ce wannan? Sai na rubuta sakata mai kara. In zare ya riƙe abu ɗaya ya tarar na biyun yana hannun wani, ba zai tsaya yana zare ido ba. Zai saki nasa, ya ja da baya, ya ɗan dakata, sannan ya sake gwadawa. Na kai wa Alƙali tambaya biyu. Shin zare biyu za su iya shiga gida ɗaya tare? Ya ce a'a. Shin za su iya tsayawa cik duka, kowa yana jiran wani? Ya ce a'a. Muka gwada a ordinatar ofis kwana da kwanaki, ko sau ɗaya bai tsaya ba. Madam ta karanta rahotona ta ce, "Da kyau." Wanda ya san ta ya san wannan babban yabo ne. Aka sa sakatata a cikin sabon zubin porogaram da za a aika wa asibitoci, ni kuwa na fara tafiya ina jin kaina.

Ranar wata Lahadi a farkon Satumba na iske Kawu Alasan a ƙofar benensu da baƙo. Malam Yohanna ne, Kirista, manjo, wato babban ma'aikacin jinya, a asibitin mishan na wajenmu, ya zo ganin 'yarsa da ke karatu a wani gari kusa. Dattijo ne mai jiki, kansa ba gashi. Muka gaisa, muka nufi asansar, ɗan akwatin nan da ke hawa da mutane sama. Ƙofarsa ƙarama ce, mutum ɗaya take ci a lokaci guda. Ta buɗe.

Kawu ya miƙa hannu. "Bismilla, Manjo."

"A'a, Alhaji, ba ni shiga gabanka."

"Kai ab baƙo."

"Kai ad da hurhura."

Kowa ya ga ɗan'uwansa ya nace, sai duk suka ɗaga ƙafa tare. Kowa ya ga ɗan'uwansa ya ɗaga ƙafa, sai duk suka ja da baya tare. Ƙofa ta gaji ta rufe, asansar ya tafi abinsa. Na danna ya dawo. Suka sake yin yadda suka yi, ba ragi ba ƙari, ya sake tafiya. Ni ina bayansu ina danne dariya har hawaye.

Kawu ya ce, "Tsaya mu raba gardama. Takardakka ta haihuwa mi tac ce?"

Ashe su biyun ɗaya ga watan ɗaya aka rubuta musu, kuma shekara ɗaya, irin ta ƙiyasin nan da ake yi wa wanda aka haifa a ƙauye. Suka yi dariya. Malam Yohanna ya ce, "To, shekarad da hwara tac ci hatsi, kana ina?"

"Ana goyona, haka innata tac ce."

"Ni ina kiwon awaki."

"Ashe kai ab babba. Shiga, yaya, tuwo na hucewa."

Ya shiga, Kawu ya bi shi, na bi su. Muna tsakiyar hawa dariyata ta ɗauke. Na ga zarena biyu a bakin ƙofa, kowa ya saki nasa, kowa ya ja da baya, kowa ya dakata daidai gwargwadon dakatawar ɗan'uwansa, don lokaci ɗaya na rubuta musu, sannan su dawo tare su sake haɗuwa. Dattawan nan suna da abin da zai raba su, wato shekaru. Zarena ban ba su komai ba. A kaina na ɗauka kara kullum tana ƙarewa da wani ya wuce, domin a gida haka nake gani. Ban taɓa lura da cewa ba ita ke ƙare kanta ba, wani abu ne ke raba gardamar.

A wurin cin abinci Malam Yohanna ya tambaye ni aikina. Da na ce injin auna jini ne sai ya ajiye loma. "Kai, ɗana, Allah shi yi ma albarka. Ka san wahalad da muka sha? Jini in ya daɗe cikin kwalba ba shi da amhwani, sai an sake ɗiba. Wani mai ciwon ko, jinin nai kaɗan na. Likita na tsaye shina jira, ba shi iya yanka sai sakamako ya hito." Na ce amin. Tuwon nan da nake marmari duk mako, da ƙyar na ci rabinsa.

Litinin da safe na kai wa Alƙali tambaya ta uku, wadda ban taɓa yi masa ba. Shin duk zaren da ya nemi shiga, tabbas wata rana zai shiga? Kafin Tibo ya dawo daga ɗebo kofi amsa ta fito. A'a. Ga hanyar nan ya zana mini, 'yan taki kaɗan da ke komawa inda suka faro, su yi ta zagayawa har abada. Alƙali bai yi mini ƙarya a da ba. Abin da na tambaye shi ya amsa, abin da ban tambaya ba ya bar mini kayana.

Na so in yaudari kaina cewa a takarda ne kawai hakan ke yiwuwa. Da aka fita cin abincin rana na shiga ɗakin gwaji na kunna injin na gaske. A ordinatar ofis kowane zare yana farkawa da ɗan bambancin lokaci, shi ya sa ba su taɓa daɗewa suna karo ba. A cikin injin kuwa agogo ɗaya ne ke tada su duka a bugu ɗaya. Na shirya kwalaben ruwa yadda zaren biyu za su taso tare. Hannun ƙarfen ya ɗan motsa gaba, ya koma. Ya sake motsawa, ya koma. Fitila kore ce, ƙararrawa shiru, domin a ganin injin kowa yana aiki. Tsohon ciwon aƙalla yana kuka a zo a taimaka. Nawa shiru yake, kwalba tana zaune a wurinta, inji yana nuna lafiya lau. Na tsaya ina kallo, kunya da tsoro suka rufe ni.

Tibo na fara nuna wa. Ya kalla ya yi fito. Ya ce, "Sai komai ya zo daidai kafin hakan ta faru, ba kullum ba ne. Saurara, Isuf. Rahotonka ya wuce, ta yaba. Saura mako biyu ta sa maka hannu. Ka yi shiru, bayan sutanans sai mu ce mun gano wani abu, a gyara a zubi na gaba. Kowa haka yake yi." Ba mugu ba ne Tibo, tausayina ya ji. Ya san zancen takardar zamana.

Na yi shiru ranar Litinin. Na yi shiru Talata. Laraba Madam ta wuce ta gefen teburina ta ce zubin zai tafi asibitoci Litinin mai zuwa, na ce to. Ina faɗin wannan ba don in yabi kaina ba, kwana ukun nan da gaske niyyar yin shiru nake. Ina lissafa shekaruna biyar, ina ganin kaina na sauka a tashar Madawa, can gida, ba digiri, ana tambayata ina tsaraba. Wani ɓangaren kuma, in faɗi gaskiya, ba tsoron takarda ba ne. Nauyi nake ji in je gaban babba in ce abin da kika yaba ɓatacce ne, kamar ita nake ƙaryatawa. Amma duk sanda na rufe ido sai in ga hannun ƙarfen nan yana gaba yana baya a wani asibiti, ga likita a tsaye yana jira.

Alhamis da safe na ƙwanƙwasa ƙofarta. Ban yi doguwar gaisuwa ba, don na san in na fara ba zan iya faɗa ba. Na ce, "Madam, sakatata tana da kuskure. Kada a aika zubin." Na ajiye mata zanen Alƙali. Ta karanta shi sau biyu. Ta tashi muka je ɗakin gwaji, ta ga hannun yana rawarsa. Ta ɗauki talho ta dakatar da aikawar. Ina jin muryar mai kamfanin daga cikin talhon yana faɗa, ita kuwa ba ta ɗaga murya ba.

Da ta ajiye ta ce, "Me ya sa ka sa su duka su ja da baya?"

Na ce, "A wurinmu haka ake yi wa mutum."

Ta ɗan dube ni. "Ba zan sa hannu a takardar da ta ce an tabbatar alhali ba a tabbatar ba. Jami'a tana son takardar ranar Juma'a ta mako mai zuwa. Kana da kwana takwas. In tambayoyi ukun suka wuce, zan sa hannu. In ba su wuce ba, ba zan sa ba."

Ban ji haushinta ba. Na koma teburina na buɗe sabon shafi. Abin da ya raba dattawan nan shi na ba zarena. Duk zaren da zai fara aiki sai ya karɓi lamba daga wuri ɗaya, lambar tana ƙaruwa, ba a ba biyu iri ɗaya, don kada a sake samun ɗaya ga watan ɗaya. Mai ƙaramar lamba shi ne babba. In suka haɗu, babba ya riƙe abin da ke hannunsa ya jira, ƙarami ya saki nasa ya ja da baya. Na kai wa Alƙali a kwana na huɗu ina murna, ya sake cewa a'a. Ya nuna mini wani ƙaramin zare da duk sanda ya ja da baya ya dawo sai ya karɓi sabuwar lamba, ya sake zama auta, a yi ta wuce shi har abada. Abin ya taɓa ni fiye da yadda ya kamata layin porogaram ya taɓa mutum. Na gyara. Wanda ya ja da baya ya riƙe tsohuwar lambarsa. Na gabansa za su gama su tafi, sababbi su zo a bayansa, wata rana shi ne babba, ba mai sake ce masa ya saki.

Tibo ya taimaka mini ƙwarai a kwanakin nan, bai kuma sake tada maganar da ya yi ba. Shi ya nuna mini yadda zan rage siffar don Alƙali ya iya bin ta, domin lambobin sun sa hanyoyin da zai bi sun yi yawa. Duk da haka sai ranar Juma'a da hantsi muka kunna binciken ƙarshe. Tambaya ta farko ta wuce kafin azahar. Ta biyu ta wuce da la'asar. Ta uku ta ƙi ƙarewa. Ƙarfe biyar mutane suka fara tafiya. Madam tana da jirgin ƙasa da take kamawa kullum biyar da rabi, kowa ya san ba ta wasa da shi. Ta fito da rigar ruwanta a jiki da takardata a hannu, ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Biyar da rabi ta yi ta wuce, ba ta ko dubi agogo ba.

Wajen ƙarfe shida amsa ta fito. Babu hanyar da ta ɓaci. Na sa hannu biyu na rufe fuskata, na ce alhamdu lillahi a fili, ban damu da wa ke ji ba.

Ta buɗe takardar. A ƙasa akwai wurin da shugaba ke rubuta ra'ayinsa, ta riga ta cike shi. Na karanta ta gefen hannunta. Ta rubuta cewa ɗalibin ya gano kuskure a aikinsa, ya zo nan take ya faɗa. Ta cire murfin biro. Sa hannun da na yi kwana takwas ina nema yana gabana, sai na ji ba zan iya ɗaukar takardar haka ba.

Na ce, "Madam, ba nan take ba ne. Tun Litinin na sani. Kwana uku na yi ina niyyar ɓoyewa."

Ba ta ɗago kai ba. "Na sani. Alƙalinka yana rubuta ranar da aka yi masa kowace tambaya."

"To me ya sa kika rubuta haka?"

Ta sa hannu, ta buga hatimi, ta miƙo mini. "Na daɗe a aikin nan, Isuf. Kwana uku nan take ne. Akwai waɗanda shekara goma ke nan ina jiran su ƙwanƙwasa ƙofar."

Ta ɗauki jakarta ta fita neman jirgi na gaba. Ni kuwa na zauna da takardar a hannu.